Motar 'yan sanda ta buge ƙanena a Garwa: shin muna da hakki a kan gwamnati?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuto maka ne daga Garwa ta ƙasar Kamaru a kan abin da ya sami ƙanena, wanda yake sana'ar acaɓa. Mako uku da suka wuce yana ɗauke da wata mata da ta fito daga kasuwa, sai motar 'yan sanda ƙirar a-kori-kura ta shigo mahaɗar hanya a guje ta buge su. Waɗanda abin ya faru a gabansu sun ce ba su ji jiniya ba. Ƙanena ya karye a cinya, matar ta ji ciwo a ka da hannu, babur ɗin kuma ya lalace. Su 'yan sandan ne suka kai su asibiti, washegari kuma ɗaya daga cikinsu ya zo dubiya ya ba mahaifiyarmu sefa 50,000. Yanzu an aiko mana da wata takarda da Faransanci, an ce mu sa hannu magana ta wuce. Dattawan unguwa sun ce mu yi haƙuri, ƙaddara ce, kuma ba a kai ƙarar hukuma wurin hukuma. Mun riga mun sayar da tumakinmu saboda kuɗin magani, mahaifiyarmu kuma tana so a sallamo shi a kai shi wurin mai ɗori. Ba zan ɓoye maka ba, ƙanena ba shi da lasin tuƙi, babur ɗin ma ba shi da inshora. Shin da wani hakki da ya rage mana, ko mu sa hannu mu huta?

Daga wani mai karatu, Garwa.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ƙanenka lafiya, shi da baiwar Allahn da ya ɗauko, ya sa kaffara ne. Tun kafin mu shiga bayanin doka, ina roƙonka kada kowa a gidanku ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar nan, sai wani wanda ya iya Faransanci, wanda kuma ba ya cikin waɗanda suka kawo ta, ya karanta muku ita daga farko har ƙarshe. Idan a cikinta akwai maganar cewa kun yafe duk wani hakki, ko kun amince laifin ƙanenka ne, to ku mayar da ita cikin ladabi, ku ce sai majinyaci ya samu sauƙi likita ya faɗi iyakar raunin. Karɓar kuɗin da aka ba Hajiya ba laifi ba ne, zuwa dubiyar da jami'in ya yi ma abin a yaba ne, amma ku rubuta ranar da adadin, ku ɗauke shi a matsayin gudummawar magani kawai. Karayar cinya takan ɗauki watanni kafin mutum ya taka, kuma a mako na uku babu likitan da zai iya tabbatar muku ko ƙafar za ta koma yadda take.

Maganar dattawa ina girmama ta, domin na san tsoron abin da ka je ya zo ne ya sa suka faɗe ta, sai dai ba haka doka ta tsara ba. Diyyar haɗarin mota a Kamaru tana tafiya ne bisa kundin inshora na CIMA, wato dokar inshora ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, kundin da ya samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992, ya fara aiki a 1995, kuma ƙasashe 14 ne suke aiki da shi, ciki har da Chadi da Nijar. Sashe na 200 na kundin ya wajabta inshora a kan duk mai abin hawa mai inji, amma ya keɓe gwamnati daga wannan wajibci. Daga nan ne mutane da dama suke zaton cewa tunda motar hukuma ba ta da inshora, to babu mai biya. An keɓe gwamnati ne saboda ana ganin baitulmalinta ya isa ya biya da kansa, shi ya sa sashe na 238 ya ce a wajen miƙa tayin diyya da biyanta ana ɗaukar gwamnati daidai da kamfanin inshora, da wa'adin da aka ɗora wa kamfani da komai. Haka kuma dokar ƙasa mai lamba 2006/022 ta 29 ga Disamba 2006 ta bayyana cewa a irin waɗannan ƙararraki da kotunan gama-gari suke saurare, hukuma ce take maye gurbin ma'aikacinta wajen ɗaukar alhakin ɓarnar da ya yi wa wani a bakin aiki. Saboda haka ba albashin ɗan sandan da ya tuƙa motar kuke bi ba, gwamnatin da ta ba shi motar da aikin kuke bi. Wannan bayani yana da amfani ku isar wa dattawan, domin da yawa abin da yake hana mutane neman hakki shi ne gudun kada su zama sanadin talauta wani magidanci.

Gaskiya ne dokar hanya ta ba motocin 'yan sanda da na jandarma da na kashe gobara da na ɗaukar marasa lafiya fifikon wucewa, amma fifikon yana tare da sharaɗi. Sai suna kan aikin gaggawa, kuma sun sanar da zuwansu da jiniya ko fitilar gargaɗi, sannan ake wajabta wa sauran masu hanya su kauce. Motar 'yan sanda da take tafiyarta ta yau da kullum ba ta da bambanci da motar kowa a mahaɗar hanya, kuma ko da jiniyar tana kaɗawa ba a sauke wa direba nauyin yin hattara da rayukan mutane ba. Wannan ya sa maganar shaidun da suka ce ba su ji jiniya ba ta fi duk wata magana nauyi a shari'ar ƙanenka.

A nan dole in faɗa maka gaskiya a kan bambancin da ke tsakanin ƙanenka da matar da ya ɗauko. Sashe na 228 na kundin CIMA ya ce wanda ba shi ne yake tuƙi ba, wato fasinja ko mai tafiya a ƙasa, ana biyansa diyyar raunin jikinsa ba tare da an yi masa lissafin sakacinsa ba, sai fa idan shi ne ya jefa kansa da gangan. Hakkin matar nan a tsaye yake, kuma alheri ne ku sanar da danginta hakan. Shi kuwa ƙanenka direba ne, sashe na 227 ne yake kansa, wanda ya ce laifin direba yana iya rage diyyarsa ko ya kawar da ita gaba ɗaya, gwargwadon rabonsa a haddasa haɗarin. Idan kuma aka kasa gane wanda ya jawo karon, kowane direba rabin asararsa yake samu. Rashin lasin da rashin inshora laifuffuka ne masu zaman kansu, kuma dokar Firayim Minista ta 31 ga Disamba 2008 a kan sana'ar acaɓa ta wajabta su duka biyun, don haka ku sa rai za a tayar da maganar, za a iya kuma cin sa tara. Amma rashin lasin shi kaɗai ba ya nuna cewa shi ne ya shiga hannun wani. Abin da alƙali yake dubawa shi ne wane ne yake da hanya, wane ne ya yi gudu, wane ne ya ƙi tsayawa. Inda matsalar take a gare shi ita ce idan bincike ya ɗora masa wani kaso na laifin, domin a lokacin ana iya bin sa da kansa kan rabonsa na diyyar fasinjar tunda babu kamfanin da zai tsaya masa, kuma sashe na 290 na kundin hukunta laifuffuka yana ninka hukunci a kan direban da ya raunata wani alhali ba shi da lasin. Wannan dalili ne na ku nemi lauya tun yanzu, ku kuma faɗa masa komai kamar yadda ka faɗa mini.

Yanzu sai maganar da na fi so ka riƙe, wato takardu, domin a nan ne yawancin mutanenmu suke rasa hakkinsu tun kafin a je ko'ina. Ku nemi likitan da yake duba shi ya rubuta masa takardar shaidar rauni ta shari'a, wadda ake kira certificat médico-légal, wadda take bayyana irin raunin da adadin kwanakin da ba zai iya aiki ba. Adadin kwanakin nan yana da tasiri a doka. A kundin CIMA ba a biyan diyyar zaman jinya sai ya wuce kwana 8, a kundin hukunta laifuffuka kuma raunin da ya hana aiki fiye da kwana 30 yana shiga ƙarƙashin sashe na 289, wanda ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5 da tarar sefa 10,000 zuwa 500,000, ko ɗaya daga cikinsu, a kan wanda ya raunata wani ta hanyar sakaci ko ganganci ko ƙin bin ƙa'ida. Idan kwanakin da likita ya rubuta suka ƙare bai warke ba, sai a koma a karɓi takardar ƙari, idan kuma jinya ta kai ƙarshe a karɓi ta ƙarshe mai nuna abin da ya rage na naƙasa. Ku tanadi jaka guda ta leda mai kyau, duk hoton ƙashi da takardar magani da rasit na kantin magani da na gado da na gwajin jini su shiga cikinta, ko da na sefa 500 ne, domin abin da ba shi da rasit da wuya a mayar muku da shi.

Game da mai ɗori, na fahimci Hajiya, kuɗin asibiti ne ya yi nauyi, kuma masu ɗori suna da daraja a wurinmu tun kaka da kakanni. Amma ƙashin cinya yana cikin tsoka mai kauri wadda take jan ɓangarorin karayar su hau juna, kuma idan ya haɗe a karkace ƙafar takan gajarce har abada. Ban da wannan, ranar da kuka sa hannu kuka fitar da shi ba da yardar likita ba, kun ba ɗaya ɓangaren hujjar cewa naƙasar da ta biyo baya daga ɗorin ta fito, kuma mai ɗori ba ya ba da takardar da kotu take karɓa. Ka zauna da Hajiya ka yi mata wannan bayani a hankali, ka kuma nemi taimakon 'yan'uwa da ƙungiyar 'yan acaɓar da yake ciki, kafin a yanke shawarar sallamo shi.

Takarda ta biyu ita ce ta binciken haɗarin, wadda kowa ya sani da PV. A cikinta ake zana inda kowane abin hawa ya fito da inda aka yi karon, a rubuta bayanin direbobi da na shaidu, kuma kusan duk hukuncin da zai biyo baya a kanta yake dogara. Sashe na 230 na kundin CIMA ya ba masu bincike wata 3 su miƙa ta, wanda ya ji rauni kuma yana da ikon neman kwafinta. Abin lura a nan a fili yake, motar 'yan sanda ce ta yi haɗarin, a cikin gari kuma 'yan sanda ne suka saba yin binciken. Ba na cewa za a yi rashin gaskiya, amma doka ta ba ku hanyar kwantar da hankalinku. Duk masu binciken laifi, 'yan sanda ne ko jandarma, suna aiki ne a ƙarƙashin mai gabatar da ƙara na gwamnati, wato procureur, kuma kuna iya rubuta masa kai tsaye ku roƙi ya danƙa binciken a hannun jandarma ko wani sashe dabam da wanda motar ta fito. Kafin nan, ka koma mahaɗar hanyar da kanka a cikin makon nan. Ka nemi mai shayi da mai facin taya da masu sayar da mai a kwalba da suke zaune a wurin kullum, ka rubuta cikakken sunansu da unguwarsu, ka tambaye su ko sun yarda su faɗi abin da suka gani idan aka kira su. Ka tambaya ko wani ya ɗauki hoto ko bidiyo da waya, ka kuma nemi lambar motar, wadda a motocin 'yan sanda take ɗauke da haruffan SN. Mai shaidar da ba a nema ba a watan farko, a wata na shida sai ka tarar ya tashi daga wurin ko ya ce ya manta. Babur ɗin ma kada a gyara shi ko a sayar wa masu gwangwan sai an ɗauke shi hoto ta kowane gefe an kuma ƙiyasta ɓarnar a rubuce, domin gefen da ya lotse yana nuna ta inda aka buge shi. Idan aka zo ɗaukar bayanin ƙanenka, yana da ikon ya yi magana da Hausa ko Fulatanci a fassara, a kuma karanta masa abin da aka rubuta kafin ya sa hannu.

Daga nan hanya biyu ce, kuma ana bin su tare. Ta farko ita ce ƙarar laifi a kan direban, wadda ake shigarwa wurin procureur na kotun matakin farko, a ciki kuma ƙanenka ya bayyana kansa a matsayin wanda aka cuta mai neman diyya, a ambaci gwamnati a matsayin mai ɗaukar alhakin biya. Idan ƙorafin ya kwanta babu motsi, kundin shari'ar laifuffuka na 2005, wanda ya fara aiki a 2007, ya ba da damar a kai shi kai tsaye gaban alƙalin bincike bayan an ajiye kuɗin da alƙalin zai yanka. Wa'adin irin wannan laifi shekara 3 ne. Hanya ta biyu ita ce takardar neman diyya zuwa ga hukumar 'yan sanda ta ƙasa, wato DGSN, wadda za ku iya miƙawa ta ofishinta na yankin Arewa da ke nan Garwa, haɗe da kwafin duk takardun da na ambata. Ku riƙe na asali a gida, kuma kada ku baro ofishin sai an buga muku hatimi da kwanan wata a kan kwafinku. Sashe na 231 na kundin CIMA ya yanka wa mai biya wa'adi daga ranar haɗari ya miƙa tayin diyya, kundin kuma ya fi son a fara gwada daidaitawa, don haka alƙali ba ya yanke maganar kuɗin sai wannan wa'adi ya cika ba a daidaita ba. Idan aka kira ƙanenka gaban likitan da gwamnati ta zaɓa domin auna naƙasa, dole a sanar da shi aƙalla kwana 8 kafin ranar, yana kuma da ikon ya je da nasa likitan. Idan an daidaita an sa hannu, akwai kwana 15 da zai iya warware yarjejeniyar a rubuce idan ta saɓa wa kundin. Neman da bai wuce sefa miliyan 10 ba na kotun matakin farko ne, wanda ya haura haka kuma na babbar kotu. Sashe na 256 ya sa shekara 5 a matsayin iyakar lokacin neman diyya, amma bashin da ake bin gwamnati yana da nasa wa'adi na shekara 4, saboda haka kada ku yi lissafi da waɗannan shekaru, ku shigar da takarda tun yana kan gado.

Kada kuma ku sa ran dukiya mai yawa, domin kundin CIMA ya ƙayyade komai da ma'auni, alƙali ma ba ya wuce shi. Ana mayar da kuɗin magani bisa rasit, ana biyan asarar kwanakin aiki, ana biyan naƙasar da ta rage gwargwadon kason da likita ya auna da shekarun mutum, akwai kuma wani abu na raɗaɗin ciwo da tabon da ya ɓata jiki. Diyyar asarar abin samu na dindindin ba ta shigowa sai naƙasa ta kai kashi 50 cikin 100, ta mai kula da majinyaci kuma sai ta kai kashi 80. Ɗan acaɓa da ba shi da takardar albashi ko ta haraji, da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ake yi masa lissafi, ko da abin da yake samu a zahiri ya fi haka. Wannan albashi sefa 36,270 ne tun 2014, sai a watan Maris na 2023 aka ɗaga shi aka kasa shi gida uku, daga 41,875 zuwa 60,000 gwargwadon ɓangaren aiki, don haka lauyanku ya duba da wanne aka yi lissafin kafin a amince da tayi. A ganina wannan ma'auni yana tauye masu aikin hannu, waɗanda su ne mafi yawan masu jin rauni a titunanmu, amma duk da haka abin da karayar cinya take jawowa a lissafin ya zarce sefa 50,000 nesa ba kusa ba.

Biyan gwamnati yana da jinkiri, kuma ko da hukunci a hannu ba a kama kadarorinta kamar na ɗan kasuwa, sai an bi fayil ɗin har baitulmali. Idan kuɗin lauya ya gagara, dokar 14 ga Afrilu 2009 ta kafa kwamitin taimakon shari'a a kotuna domin marasa ƙarfi, ana rubuta buƙata a ajiye wurin magatakardan kotu tare da takardar shaidar rashin hali. Idan kuwa wani ya yi muku barazana ko ya matsa muku lamba a kan sa hannu, ku rubuta ranar da abin da aka faɗa, ku sanar da procureur, ku kuma kai kuka sashen da yake sa ido a kan halayen 'yan sanda a cikin hukumar tasu, ko reshen Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Kamaru da ke yankinku.

Tambaya

Malam, ni mace ce daga Kuseri, ina cikin takaba. Motar jandarma ce ta kaɗe maigidana yana tsallaka titi da ƙafa, ya rasu a asibiti bayan kwana biyu, ya bar ni da yara huɗu, babbansu shekararsa goma sha ɗaya. Yayyensa sun ce an yi musu ta'aziyya an kawo buhun shinkafa da kuɗi, kuma ba sa son cin kuɗin jini. Aurenmu a masallaci aka ɗaura shi, ba mu da takardar aure ta gwamnati, yara biyu ma ba su da takardar haihuwa. Shin yarana suna da wani hakki?

Daga wata baiwar Allah, Kuseri.

Amsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan maigidanki, ya gafarta masa, ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ƙwarai kuwa yaranki suna da hakki, 'yar'uwa, kuma hakki ne mai ƙarfi, domin mahaifinsu a ƙasa yake tafiya, sashe na 228 kuma ya hana a yi masa lissafin cewa bai duba hanya ba ko ya tsallaka a inda bai dace ba. Duk abin da na bayyana a sama na cewa gwamnati tana matsayin kamfanin inshora ya shafi motar jandarma. Bambancin shi ne jandarma soja ne, yana ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, don haka can ake aika takardar neman diyya, kuma idan yana bakin aiki lokacin da abin ya faru kotun soja ce take shari'ar laifin bisa dokar 12 ga Yuli 2017. Ta yankinku tana Marwa, iyalan mamaci kuma suna iya tsayawa a gabanta su nemi hakkinsu. A haɗarin da aka rasa rai, wa'adin miƙa tayin diyya daga ranar rasuwa ake ƙirga shi.

Yayyen mijinki suna iya yafe nasu kason, amma ba su da ikon yafe na marayu. Kundin ya kasa diyyar gida-gida, akwai kuɗin jana'iza bisa rasit, akwai na asarar mai ciyarwa, akwai na raɗaɗin rashi, kuma ya yanka wa matar aure da kowane ɗa da iyayen mamaci nasu kaso da sunansu. Sashe na 234 ya ƙara da cewa duk daidaitawar da ta shafi yaron da bai balaga ba sai an gabatar da ita ga mahaifinsa ko mahaifiyarsa da ke raye, in babu su kuma ga alƙalin da yake kula da marayu ko majalisar dangi da doka ta yarda da ita, in ba haka ba ana iya rushe ta. Idan damuwarsu ta addini ce, ki nemi limamin unguwa ko wani malami da suke jin nauyinsa ya zauna da su, domin diyya a kisan kuskure Alƙur'ani ne da kansa ya ambace ta a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, malamai kuma sun yi tsanani ƙwarai a kan wanda ya tozarta dukiyar maraya. Yarda da ƙaddara ba ta hana a karɓa wa yara abin da za su ci su yi karatu da shi.

Inda aikin yake shi ne takardu, kuma tunda kina takaba, ki wakilta wani ɗan'uwanki da kika amince da shi ya fara zirga-zirgar tun yanzu. Za a buƙaci takardar rasuwa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na ƙaramar hukuma, da takardar likita mai nuna sanadin mutuwa, wadda take da muhimmanci na musamman a nan tunda bayan kwana biyu ya cika, dole ta nuna cewa raunin haɗarin ne ajalinsa. Za a kuma buƙaci hukuncin kotu mai tantance magada, da takardar shaidar cewa magadan suna raye, da takardar haihuwar kowane yaro. Yaran biyu da ba su da ita, ana samar musu ta hanyar hukuncin kotu mai maye gurbin rajistar da ba a yi a kan lokaci ba, da shaidu daga dangin uba, saboda haka ki lallaɓa zumuncinki da yayyen mijinki, za a buƙaci bakinsu. Naki kason shi ne wanda za a iya jayayya a kansa, domin a dokar ƙasa takardar aure ce hujjar aure. Ki tanadi waliyyan da suka ɗaura auren da shaidun da suka halarta da limamin idan yana raye, a gabatar da su lokacin zaman tantance magada, lauya kuma ya nemi a rubuta matsayinki a cikin hukuncin. Ko da maganar naki ta ja lokaci, kada a bari ta tsayar da fayil ɗin yaran, a shigar da nasu da zarar takardun haihuwarsu sun fito, a karɓo kwafi mai hatimi da kwanan wata a ajiye a hannunki.